Shokozoba ta mutu: a ci gaba da hawa ko a ajiye mota, kuma mutum zai iya canza ta da kansa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum. Tambaya biyu gare ni ga masana. Idan shokozoba ɗaya ta gaba ta fara zubar da mai, mota kuma tana bugawa in ta faɗa rami, za a iya ci gaba da lallaɓawa kafin a samu halin gyara? Sannan canza ta aiki ne da mai mota zai iya yi da hannunsa, ko dole sai gareji?

Usta Garba:
Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Kafin amsa, sai an san wace iri ce, domin iri biyu ne kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda take ita kaɗai, sifirin yana gefe a wurinsa, bolti ɗaya a ƙasa, ɗaya ko biyu a sama. Wannan an fi samun ta a bayan ƙananan motoci. Akwai kuma wadda sifirin ya naɗe ta, samanta yana ɗaure a jikin mota a ƙarƙashin bonet da notoci uku galibi, ƙasanta yana ɗaure da gwiwar ƙafa, wato ƙarfen da ke ɗauke da birki da hob, inda ake ɗaure taya. Ita ake kira MacPherson, kuma ita ce a gaban mafi yawan ƙananan motoci. Wannan ta biyun ba rage tsalle kaɗai take yi ba, ƙafar motar ce da kanta, a kanta taya take juyawa in an murza sitiyari.

To in mai ne kawai ya zube, ƙarfen yana nan lafiya, mota za ta tafi, sai dai riƙon hanya ya ragu. In kuwa sandarta, wato siririn ƙarfen da ke shiga yana fita a bututunta, ta lanƙwashe, ko mazaunin sama ya yage, ko farantin da sifirin yake zaune a kai ya ci tsatsa ya tsage, a ajiye ta. Sifirin yana iya zamewa ya yanki taya ana cikin tafiya.

Malam Ɗanjuma:
Ni dai a ganina ana zuzuta abin. Ba shokozoba ke ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne. In ta mutu abin da za a rasa jin daɗin zama ne kawai.

Injiniya Hadiza:
Malam Ɗanjuma, rabin maganarka gaskiya ce, sifirin ne ke ɗauke da nauyi. Amma sifirin in an danne shi aka saki ba ya tsayawa, sai ya yi ta sama da ƙasa. Shokozoba ce ke kashe wannan tsallen. A cikinta akwai fistan da ke tafiya cikin mai, man yana bi ta ƙananan ƙofofi masu bawul, wannan matsin ne ke mayar da ƙarfin tsallen ya zama zafi. Shi ya sa in ka taɓa mai lafiya bayan tafiya a hanya mai gargada za ka ji ta da ɗumi.

In man ya ƙare, ba jikin mota kaɗai ke tsalle ba, taya ma tana tsalle. Duk lokacin da taya ta rage danna ƙasa, birki da sitiyari ba su da abin da za su kama. Wurin da taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba, shi ne duk abin da ke riƙe da mota. Abin da ke biyo baya: nisan tsayawa yana ƙaruwa, musamman a hanya mai gargada. A mota mai ABS, wato na'urar hana taya kullewa a birki, na'urar tana ganin tayar da ta ɗaga kamar ta kulle, sai ta riƙa sakin birki a kai a kai, nisan ya ƙara tsawo. A kwana, gefen da ya mutu yana nutsewa fiye da ɗayan. A ruwa kuma taya ta fi saurin hawa kan ruwan ta bar kwalta. Duk wannan ba ya bayyana a miƙaƙƙiyar hanya mai santsi, sai ranar da aka taka birkin gaggawa.

Malam Ɗanjuma:
Na karɓi maganar birki, Injiniya. Amma ai ba kowane danshin mai ne mutuwa ba. Ana sa mutane canza mai lafiya saboda ɗan laima.

Injiniya Hadiza:
Nan kam kana da gaskiya. Ɗan danshi siriri a saman bututun, wanda ƙura ta manne masa ya bushe, ba laifi ba ne, sandar tana fitowa da ɗan mai kaɗan ta cikin sil, wato robar da ke toshe bakin bututun. Zuba ita ce in man ya jiƙa jikin bututun yana gangarowa ƙasa har kan farantin sifirin ko ƙasa da shi. A goge tas da tsumma, a yi tafiyar kwana biyu, a sake dubawa. In ya dawo jiƙe, ta tafi. A kuma tabbata man nata ne, don man birki ko man sitiyari yana iya fantsamo mata daga wani wuri.

Alhaji Tsoho:
Bari in yi magana a kan tuƙin, tunda an ce za a lallaɓa. Abu na farko gudu. Nisan birki ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake yi: in ka ninka gudu sau 2, nisan tsayawa sau 4 ne. Saukowa daga kilomita 80 zuwa 60 a awa yana rage nisan birki kusan rabi. Don haka mai matacciyar shokozoba ya zauna a 60 ko ƙasa, ya bar babbar hanya in da wata. Tazarar da ake bari tsakaninka da na gaba, wadda ake ƙirgawa daƙiƙa 3, a mayar da ita 5 ko 6. Birki a fara shi da wuri, a hankali, a gama shi kafin a shiga kwana, ba a cikin kwanar ba. Rami da tudun rage gudu, a taka birki kafin a kai, a saki daf da hawa, don in gaban mota yana nutse da birki sannan ya hau tudu, sifirin ya riga ya matse, bugun kai tsaye zai tafi jikin mota. Kada a cika kaya, kada a ja tirela, kada a ɗora kaya a rufi. Iskar taya a daidaita yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba. Wasu suna rage iska wai don mota ta yi laushi, wannan ƙara mata lilo ne da zafin taya. Ruwan sama da dare, in da hali a haƙura.

Kuma lallaɓawar nan ta kwanaki ce, ba ta watanni ba.

Usta Garba:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Dalilin da ya sa ba ta watanni ba, ban da hatsari, ɓarnar tana yaɗuwa. Taya tana cinyewa rami-rami a zagaye, in ka shafa hannu za ka ji tudu da kwari, kuma in ta yi haka ko an sa sabuwar shokozoba ƙugin ba zai daina ba. Bushin da boljon da tayarod, wato mahaɗan ƙafar, duk su ke shan bugun. Sifirin ma yana gajiya har ya karye.

Wani abu, Baban Ilham: bugun da kake ji ba lallai shokozobar ba ce. Ɗan siririn ƙarfen nan da ke haɗa ta da sandar hana lilo, wanda ake ce wa linkej, shi ya fi yawan yin wannan ƙarar a ƙananan ramuka. Mazaunin sama ma yana yi, musamman in ana jin ƙas-ƙas lokacin murza sitiyari mota na tsaye. A duba su kafin a sayi kaya.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. Gwajin danna mota da hannu fa, ya isa?

Injiniya Hadiza:
Yana nuna wadda ta mutu murus ne kawai. Ka danna kusurwar da ƙarfi sau 2 ko 3 ka saki. Mai lafiya za ta taso ta zauna. In ta yi sama da ƙasa fiye da sau 2, ta mutu. Amma wadda ta raunana rabi tana iya tsallake gwajin, domin hannu ba ya motsa ta da saurin da hanya ke yi, kuma motoci masu taurin sifirin da ƙyar suke dannuwa. Kamfanonin shokozoba irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar canji wajen kilomita 80,000. Ba doka ba ce, akwai mai wuce haka nesa, akwai wadda mummunar hanya ke kashewa kafin nan, amma in an kai wurin a riƙa dubawa.

Malam Ɗanjuma:
To in ɗaya ce ta zube, me ya sa za a ce a sayi biyu? Wannan ba dabarar masu sayarwa ba ce?

Usta Garba:
Ba dabara ba ce, Malam. Tare aka sa su, tare suka ci hanya. Wadda ba ta zube ba ita ma ta yi laushi, sai dai ba a gani. In ka sa sabuwa a hagu, tsohuwa a dama, gefe ɗaya yana riƙewa ɗaya yana sakewa, a birki mota ta karkata, a kwana ta yi hali biyu. Ba dole a canza huɗu ba, amma biyun gaba tare, ko biyun baya tare, kuma iri ɗaya na kamfani ɗaya. Sai dai in ɗayar sabuwa ce da ba ta daɗe ba aka yi hatsari da 'yar'uwarta.

Sannan huda ta a ɗura mata mai a toshe, wannan ba gyara ba ne. Abin da ya zubar da man farko, wato sil da ya ci ko sanda mai ƙarzuwa, yana nan. Masu gas kuma naitirojin ne a matse a ciki don hana mai yin kumfa, in an huda ya fita, ba ya dawowa.

Baban Ilham:
To Usta, a kawo mana aikin kansa.

Usta Garba:
Mu fara da mai sauƙin, ta baya wadda ba ta haɗe da sifirin. Wannan duk mai haƙuri zai iya.

Wuri ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, ba yashi ba. A sa giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin gaba ta gaba da baya. Tun daren jiya a fesa wa boltocin man sassauta tsatsa. A sassauta notocin taya kaɗan tun mota na ƙasa, sannan a ɗaga. Mota ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota, a wurin da kamfani ya nuna. Jak ɗagawa yake yi, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa, kuma bulo yana farfashewa ba sanarwa. Tayar da aka cire a tura ta kwance ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu.

Yanzu a kawo jak ƙarƙashin ƙarfen ƙafar, a ɗaga kaɗan har ya ɗauki nauyi. Wannan matakin ne ake mantawa. A motoci da yawa shokozoba ce ke hana ƙafar baya saukowa ƙasa gaba ɗaya, in ka zare bolti ba tokari ƙafar za ta faɗo, sifirin ya fita, tiyon birki ya miƙe. Shi ya sa ake yin gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. A kwance boltin ƙasa. In ya ƙi zamewa, a ɗan ɗaga ko a sauke jak har ya saki, ba duka yake so ba. Na sama wani lokaci yana cikin but bayan shimfiɗa. In sandar tana juyawa tare da noti, samanta yana da wurin riƙo, ko fili biyu na ƙaramar sufana ko ramin alanki.

A jera tsohuwa da sabuwa a gwada tsawo da bakin ɗauri. A lura da yadda robobi da washa suke a jere a tsohuwar, a mayar haka. A ɗaura sama, a zura boltin ƙasa, amma kada a ƙarasa ɗaure shi.

Injiniya Hadiza:
Bari in tsaya a kan wannan na ƙarshe, don shi ne kuskuren da ke kashe sabon kaya. A idon shokozoba na ƙasa akwai bushin roba da aka manne da ƙaramin bututun ƙarfe. In an ɗaure bolti, bututun ba ya juyawa, robar ce ke murɗewa in ƙafa ta motsa. In ka ɗaure boltin alhali ƙafa tana reto a sama, da ka sauke mota robar ta riga ta murɗe, a haka za ta zauna dare da rana, kowane rami kuma yana ƙara mata. Ba ta daɗewa take yagewa, a ce kayan ne marasa kyau. A ƙarasa ɗauri mota na zaune a kan tayoyinta, ko a ɗaga ƙafar da jak har ta kai tsayin zamanta.

Haka kuma kafin a sa sabuwa mai bututu biyu, wato wadda bututu ɗaya ke cikin ɗaya, a riƙe ta a tsaye, sanda a sama, a danna a saki sau 3 zuwa 5. A kwance take zama a kwali, iska tana shiga inda mai ya kamata ya kasance. Bayan nan a ci gaba da riƙe ta a tsaye har a ɗaura.

Usta Garba:
Madalla. Yanzu ta gaba, kuma a karanta wannan da natsuwa.

Bayan ɗagawa da cire taya, a kwance abin da ke manne a jikinta: maƙalin tiyon birki, wayar ABS, da linkej. Wayar ABS siririya ce, in an ja ta ta tsinke daga ciki fitilar gargaɗin ABS za ta kama. Manyan boltoci biyu na ƙasa, a yi musu alama da fenti kafin a kwance, don a wasu motocin ɗaya daga ciki shi ke saita karkatar taya. Da an zare su gwiwar za ta so faɗowa waje. A tokare ta da jak ko a ɗaure ta da waya, in ba haka ba za ta ja tiyon birki, ko ta zaro shaf, wato sandar da ke juya taya, daga mahaɗinsa na ciki, aikin awa biyu ya koma na yini.

Sai a koma ƙarƙashin bonet. Za ka ga notoci ƙanana a zagaye, da babba ɗaya a tsakiya. Ƙananan za ka kwance, ka bar ɗaya a sassauce har sai hannunka ɗaya ya riƙe shokozobar ta ƙasa. Na tsakiya kada ka taɓa shi. Shi kaɗai ke riƙe da sifirin da aka matse da ƙarfin ɗaruruwan kilo. In ya fita sifirin bai matse ba, mazaunin saman zai tashi kamar harsashi, kuma fuskar mai aiki ce a wurin.

In an fito da ita gaba ɗaya, sai abin matse sifirin. Guda biyu ne, a sa su suna fuskantar juna, ɗaya nan ɗaya can, su kama zagaye da yawa gwargwadon iko, ƙugiyoyin su zauna sosai. A shafa wa zaren man giris. A ɗaure wannan juyi 3 ko 4, a koma wancan, da hannu, ba da bindigar iska ba. In sifirin ya fara lanƙwashewa kamar baka, gefe ɗaya ya wuce, a daidaita. In ƙugiyoyin suna zamewa suna matsowa gefe ɗaya, a tsaya a sassauta a sake. Ana matsewa ne har sai sifirin ya saki mazauninsa, yana motsi da hannu, ba fiye da haka ba. Sannan ne za a kwance na tsakiya. Duk tsawon aikin, bakin sifirin yana kallon gefe, ba kai ba, ba wani ba. Matsattsen sifirin a ajiye shi a hankali, kada a jefar, kada a bar shi ya kwana a haka in ba dole.

Sa'idu Ƙarami:
Usta, na ga ana ɗaure sifirin da igiya ko waya tun mota na zaune a kansa, sannan a ɗaga. Ba ya yi?

Usta Garba:
A'a, ƙanena, kada ka gwada. Igiya tana miƙewa, waya tana tsinkewa, kuma ba wanda ya san lokacin. Wanda ba shi da abin matsewa mai kyau yana da hanya biyu. Ko ya cire ƙafar gaba ɗaya ya kai wa mai injin matsewa ya sauya masa sifirin ya dawo ya ɗaura da kansa, ko ya sayi wadda aka haɗa tun daga kamfani da sifirinta da mazauninta, in ana yi wa motarsa. Da wannan babu matsewa sam.

Injiniya Hadiza:
Wajen haɗawa, abubuwan da ake kuskurewa. Akwai ta hagu da ta dama a motoci da yawa, an rubuta L da R, maƙalan tiyo ne suka bambanta. Ƙarshen sifirin na ƙasa yana da ɗan tudu a faranti inda yake tokarewa, dole ya zauna daidai nan, in ba haka ba mota ta karkace kuma ta riƙa ƙara. Mazaunin sama sau da yawa yana da kibiya da ke nuna wajen mota ko gaba. A juya beyarin ɗinsa da hannu, in yana ƙarzawa a canza, kuma gaskiya tunda an riga an buɗe gara a canza shi tare da rigar ƙura da robar da ke tare bugu ta kan sanda. Rigar ƙura in ta yage, yashi ne zai ci sil na sabuwar.

Sandar nan mai sheƙi kada a kama ta da filaya ko kaɗan. Ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka sil duk lokacin da ta shige. Kada kuma a ɗaure notin tsakiya da bindigar iska, tana juya sandar da gudu, tana iya sassauta fistan a ciki ko ta tsinke zaren. A riƙe saman sanda, a ɗaure da hannu, a yi amfani da sabon notin da ya zo a kwali. Sai an ɗaure shi sannan a sassauta abin matsewa, shi ma bi da bi, ana kallon bakin sifirin yana zama a gurbinsa.

Ƙarfin ɗauri kowace mota da nata, a littafin gyaranta yake, kuma sufana mai awo ake so. Ƙananan notocin sama ba sa son ƙarfi, suna tsinkewa da wuri. Manyan boltocin ƙasa kuwa suna cikin mafi tauri a ƙafar. Notocin taya a yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 da 120 Nm suke a ma'aunin sufanar, Corolla misali 103, a ɗaure su a gicciye.

Malam Ɗanjuma:
Saitin ƙafa bayan nan dole ne, ko da an yi alama da fenti?

Usta Garba:
Na gaba dole ne. Fenti yana kai ka wurin saiti ne lafiya, ba ya maye gurbin saitin. Ramukan boltin suna da ɗan sarari, kuma sabuwar ba lallai ta zo daidai da tsohuwar ba, ɗan bambanci kaɗan ya isa ya cinye gefen taya. Ta baya mai zaman kanta galibi ba ta taɓa saiti.

Alhaji Tsoho:
Kafin a fita hanya a taka birki sau da yawa a ji ya yi tauri, a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a leƙa a ga tiyon birki da waya ba sa gogar komai. Gwajin farko a hankali, gilashi a sauke ana saurare. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin taya da sufana.

Injiniya Hadiza:
Ƙari biyu. Duk wannan bayani na shokozoba ta gama-gari ne. Mota mai balan-balan ɗin iska a madadin sifirin, ko wadda waya ke shiga saman shokozobarta, tana da matakan kashe na'ura da sauke iska kafin a ɗaga, a nemi littafinta tukuna. Tsohuwar da aka cire kuma kada a jefa ta wuta, kada a yanka ta da walda, kada a bar wa yara. Akwai mai da gas a matse a ciki, zafi yana fasa ta.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, zan goge in duba zubar, in duba linkej da mazaunin sama, in sayi biyu, in cire ƙafar da kaina in kai a matse mini sifirin. Boltocin ƙasa na gaba su ma sai mota ta zauna za a ɗaure?

Usta Garba:
Amin. A'a, waɗannan ƙarfe ne a kan ƙarfe, babu roba a tsakani, ana ɗaure su tun mota na sama. Dokar zama ta wurin da bushin roba yake ce. Ka fara rataya ta da notocin sama a sassauce, ka zura boltocin ƙasa ta fuskar da suka fito, ka daidaita alamar fentinka, ka ɗaure su, na sama kuma ka ƙarasa su bayan taya ta taka ƙasa.